Sheƙar Ungulun da Ba Ta Shiga Taswirata Ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wasu samari uku suka same ni a ƙofar gida a Koki, kowanne da kyamara rataye a wuya, suka ce suna so in koya musu aikin tsuntsaye kafin hutunsu ya ƙare. Na tambayi kwana nawa ne hutun, suka ce mako uku. Ɗayansu ya nuna mini wayarsa, ya ce da zarar tsuntsu ya yi kuka za ta faɗi sunansa, saboda haka rabin aikin an riga an gama shi. Ban yi musu gardama ba. Na sa aka kawo musu ruwa, na ce su dawo wani satin. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da ya kamata in faɗa musu a ranar. Ni bakina nauyi gare shi a inda ake bukatarsa, sai a inda ya kamata in yi shiru yake sakin jiki.

Likita na so in zama, sakamakon jarrabawa ne bai so ba. Aka tura ni sashen nazarin halittu. A shekarar ƙarshe, ranar da ɗalibai suke zaɓar abin da za su yi bincike a kai, ina gida wurin bikin yayata. Kafin in koma an kwashe kifi, an kwashe sauro, har tsutsar ciki ta sami mai so. Tsuntsaye kaɗai suka rage, tare da wata tsohuwar Baturiya da kowa yake gudun aiki da ita saboda tana tayar da mutum tun asuba. Ita ta ba ni madubin hangen nesa na farko, ido ɗaya a tsage. Na gama, na yi hidimar ƙasa, na sami aiki a wani ɗan ƙaramin sashe mai kula da namun daji, a shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula. Da na kawo wa mahaifina takardar ɗaukar aikin, yana zaune a rumfarsa yana yankan fata, ya ce in gaya masa aikin da Hausa.

"Ƙirga tsuntsaye zan riƙa yi, Baba."

"Na wa?"

"Ba na kowa ba ne. Waɗanda suke yawo a sama."

Ya ajiye wuƙar ya dube ni. "To idan ka ƙirga ka ga babu ɗaya, ina za ka nemo shi?"

Ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da yankansa.

Aikina na farko a kan dutsen Dala na yi shi. Da hantsi, idan iska ta fara ɗumi, shirwa da ungulu suna tashi su yi ta kewaya sararin birni, kuma babu inda ake ganinsu sosai kamar kan dutsen. Kwana uku ina hawa, in zauna da madubina ina juyawa gabas da yamma ina rubutu. A rana ta huɗu na sauko na tarar da magidanta kusan goma suna jirana a gindin dutse. Ba wanda ya taɓa ni. Sun dai sa ni a tsakiya har zauren mai unguwa, inda aka shaida masa cewa ga ɗan bokon da yake leƙen matan mutane a tsakar gidajensu. Na yi bayani da duk Hausar da nake da ita, na haɗa da Turanci, abin ya ƙara lalacewa. Mai unguwa ya karɓi madubin ya fita ƙofar gida. Ya fara dubawa ta baya, ya ce wannan ai nesanta mutum yake yi. Na juya masa. Ya daɗe yana bin wata shirwa da kallo, sannan ya dawo ya yanke hukunci. Ya ce in ci gaba da aikina, amma muddin ina cikin ganuwa kada bakin madubin nan ya sauko ƙasa da kan dabino. Shekara ashirin ina bin wannan hukunci. Duk wanda ya ga yadda nake riƙe wuyana yanzu, to daga nan ya samo asali.

A zauren nan akwai wani dattijo da ya yi ta dariya tun daga farko har ƙarshe. Sunansa Baba Sale, mutumin Ƙofar Ruwa, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kama kanari da sauran tsuntsayen keji yana sayarwa, daga baya ya bari. Da muka fito ya tambaye ni sunan wani tsuntsu da yake kuka a cikin darbejiya. Na buɗe littafina mai hotuna, na yi ta juya shafi, na faɗa masa suna da Latin.

"Shi tsuntsun ya san da wannan sunan?" in ji shi.

Daga ranar na zama almajirinsa, ko da yake ni ne mai digiri, ni ne kuma mai ɗaukar albashi. Watan farko ya hana ni fitowa da littafin. Mukan zauna a bakin kududdufi bayan sallar asuba, ya ce in rufe ido in faɗi wanda yake magana, da inda yake, da abin da ya sa yake maganar. Kukan neman mace daban, kukan ganin kyanwa daban, kukan ɗan da yake jin yunwa daban. Wayarku za ta gaya muku cewa kurciya ce. Ba za ta gaya muku cewa kurciyar ta ga mutum a bayan katanga ba.

Tsuntsun farko da na cire daga raga suda ce. Ragar aikinmu siririya ce kamar gashi, ana kafa ta tsakanin gora biyu, tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. Na kama sudar nan da ƙarfin hali, na ja nan, na ja can, cikin minti kaɗan na mai da ita dunƙulen zare. Ita kuma ta sami babban yatsana ta riƙe da bakinta mai ƙugiya. Baba Sale ya bar ni sai da jini ya fito, sannan ya matso. Ya ce kafin ka taɓa tsuntsu ka fara gano ta wane gefe ya shiga, don ta nan zai fita. Ƙafafu tukuna, sannan fikafikai, kai a ƙarshe. Wuya tsakanin yatsu biyu, kada ka matse ƙirji, da ƙirjin yake numfashi. Kafin in gama goge yatsana ya zare ta kamar yana cire hula.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai zobba na alminiyom masu lamba da ake maƙala wa tsuntsu a ƙafa, da filaya ta musamman mai ramuka da ake matse zoben da ita, da ɗan sikelin ratayawa, da jakunkunan yadi da maiɗakina ta ɗinka mini daga tsofaffin zannuwan gado. Akwai littafi da fensir. Na ce fensir, domin na taɓa yin damina guda ina rubutu da biro, rana ɗaya na zame a bakin kududdufi, aikin wata huɗu ya koma shuɗin ruwa. Babban abokin gabar raga kuwa akuya ce. Ba a koya mana wannan a jami'a ba. Akuya ɗaya ta ratsa raga, ka tafi gida ka nemi allura. Wata safiya kuma na cire wani ɗan tsuntsu da bai kai girman babban yatsa biyu ba, na ga zobe a ƙafarsa da sunan wata ƙasa mai sanyi can ƙetaren teku. Na kai wa Baba Sale, ina gaya masa irin hamadar da abin nan ya ƙetare.

"To ashe baƙo ne," in ji shi. "Sake shi ya je ya karya kumallo."

Masu zuwa wurina iri-iri ne, kuma yawancinsu ba abin da nake da shi suke nema ba. Wani Alhaji ya taɓa kawo mini talotalo mai mura a bayan mota, da na ce ni ba likitan dabbobi ba ne ya tambayi abin da gwamnati take biyana a kai. Mata suna aiko da tambaya ko mujiyar da ta sauka a kan soronsu tana nufin wani zai mutu. In aika musu cewa ɓera take nufi zai mutu. Manoma daga bayan gari suna zuwa a kan jan-baki da yake cinye musu gero, suna so in ba su magani, in ba su bayani, su tafi ba sallama. Sai makarantun firamare. Hedimastoci sun gano cewa duk ranar da wani malami bai zo ba, akwai wani mutum da zai zo kyauta ya riƙe yara awa biyu. Ina da akwati cike da busassun tsuntsaye da aka cusa wa auduga. Wata rana ina ɗaga balbela a gaban 'yan aji huɗu ina bayanin dogon wuyanta, kan ya cire ya faɗi ƙasa. Har yau akwai masu furfura a birnin nan da suke tare ni a hanya su tuna mini. Daga makarantu aka kai ni gidan rediyo, aka ba ni minti goma sha biyar duk mako. A nan na gano cewa ina son jin muryata.

Ungulu ita ce ainihin aikina, shi ya sa yara suka sa mini Malam Ungulu, sunan kuma ya bi ni har masallaci. Duk Talata ina mayanka ina ƙirga su. A farkon aikina ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai dai a ƙirga na kan rufi ɗaya a kwatanta sauran. Suna yawo tsakanin ƙafafun mahauta kamar kaji, suna share jini da tumbi da duk abin da aka yar, ba wanda yake ɗaga kai ya dube su. Sannu a hankali, cikin shekarun soja, suka fara raguwa. Aka sare manyan rimaye, aka cike kududdufai aka yi gini, masu tarko kuma suna kai su kasuwar magani. Na rubuta rahoto a kan rahoto. Wani na sake ganinsa a hannun mai ƙosai a ƙofar ofishinmu.

Shekarar da abin ya ɓaci ita ce wadda soja suka sake cewa za su miƙa mulki. Gari ya cika da fosta, kowane lungu da ofishin jam'iyya. Ni kuma sai wata dabara ta zo mini. Na ce tunda yanzu jama'a ce za ta yi magana, bari in kai maganar ungulu gaban jama'a. Lokacin sanyi ne, lokacin da suke saka ƙwai, guda ɗaya tak kowace uwa. A iya sanina sheƙa tara ce ta rage a cikin ganuwa da gefenta. Na zana taswira mai kyau, na sa alama a kan kowace bishiya, na buga a takarda don a raba wa malaman makaranta su kai yara su gani. Kafin in raba na kai wa Baba Sale. A lokacin ya tsufa ƙwarai, yana wuni a kan buzu a ƙofar gidansa, ƙarar masu sauke rodin gini tana tashi daga kasuwar unguwar. Ya kawo takardar kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa.

"Faɗi amfaninta, faɗi halinta. Kada ka faɗi gidanta."

"Baba, ai mutum ba zai kare abin da bai san inda yake ba."

"Ba zai kuma kama shi ba."

Na yi masa bayanin yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ya miƙo mini takardata. Na raba ta a makarantu, kuma don kada wanda bai iya karatu ba ya cutu, na karanta ta a rediyo, bishiya bayan bishiya, da kwatance.

Sheƙar da take kan rimin bayan maƙabarta ita ta fara tafiya. Na je ranar Alhamis na tarar da turaku an kafa a jikin bishiyar kamar matakala, sheƙar a wargaje, gashi a ƙasa. Na ce tsautsayi ne. Mako bai zagayo ba aka kwashe biyu. A mayanka kuma aka fara ajiye nama mai guba, mahauta suka ce wasu baƙi ne suke zuwa da buhu. Kafin a yi zaɓen gwamna, cikin taran nan babu ko ɗaya.

Wani mahauci ne ya ce in je wata kasuwa in duba layin masu sayar da fatun namun daji da ƙahoni. Na je. A rumfa ta uku na ga kawunan ungulu a jere a kan tabarma, a bango kuma ga taswirata an maƙale da ƙusa, kowace alama an soke ta da jan biro. Mai rumfar wani mutum ne fari siriri, mai fara'a, sunansa Ila. Yana jin sallamata ya miƙe.

"Wannan murya na san ta. Malam, kai ne na rediyo? Allah ya saka da alheri. Da sai mu yi mako muna yawo ba mu ga guda ba."

Ya shimfiɗa mini buzu, ya aika a kawo mini lemo. Ya yi mini bayani, kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu, cewa tunda ungulu tana hango abu daga nesa, masu neman kujera sun yarda kanta yana sa mutum ya hango nasara, kuma masu saye har daga wasu ƙasashe suke zuwa. Na ce masa wannan ba gaskiya ba ne. Ya ce shi ma bai ce gaskiya ba ne, shi dai ɗan kasuwa ne.

"Sai dai ta bakwai ka ɗan kauce, Malam," in ji shi, yana nuna takardar. "Tsamiyar a bayan masallaci take, ba a gabansa ba. Mun sha wahala kafin mu gane."

Na duba, na ga shi ne da gaskiya. Na shanye lemon, don ban san abin da zan yi da kwalbar ba.

Washegari na je gidan rediyo na ce ba ni da lafiya, na kuma daɗe ban warke ba. Daga can na wuce Ƙofar Ruwa na zauna kusa da Baba Sale na gaya masa komai. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce gobe in zo da hantsi, in bar madubi a gida, in zo da kwano mai murfi.

A ƙafa muka tafi, yana dogara sanda, muna tsayawa yana hutawa, har cikin lungunan Dala. Muka tsaya a wani tsohon gida da warin daddawa yake fitowa daga zaurensa. Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajiya Dije, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita take riƙe da gidan da sana'ar daddawa. Baba Sale ya gaishe ta, ya ce ga mutumin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai faɗa a rediyo?"

"Ni ne, Hajiya. Na daina."

Ta sa muka zagaya ta wani kango da yake jikin gidan, na ƙanin mijinta ne da ya rushe ba a sake ginawa ba. Daga cikin kangon, idan ka ɗaga kai, akwai wani maɗaci da ya fito daga bayan ɗakinta. Ba dogo ba ne, gidaje masu bene sun rufe shi ta kowane gefe, dabinan unguwar duk sun fi shi tsawo. A tsakiyar rassansa ga sheƙa, ga ungulu a kwance tana kallonmu. Shekara ashirin ina ƙirga ungulun birnin nan daga kan dutsen da yake kallon gidan nan, ban taɓa ganinta ba, saboda tana ƙasa da inda mai unguwa ya yarda in duba. Na tambayi Baba Sale tun yaushe ya san da ita. Ya ce tun kafin a yi mini aure.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da yanzu tana jikin bangon Ila."

Hajiya Dije ta kafa mini sharuɗɗa. Ba madubi, ba baƙo, ba rubutu a kan hanya. In shigo ta zaure kamar mai sayen daddawa, in zagaya kango, in zauna da bayana a jikin katangarta. Haka na yi ta yi, sau uku a mako, har ƙwan ya ƙyanƙyashe. Kowane zuwa kuma sai na fita da daddawa a kwano don kada a yi zargi. Maiɗakina ta raba wa maƙwabta, ta raba wa dangi, daga baya ta ce in har zan ƙara aure a Dala ne in faɗa mata kai tsaye, ba sai na bi ta hanyar miya ba.

Ɗan yana da kamar mako uku ɗaya daga cikin iyayen ya fita bai dawo ba. A ungulu uwa da uba ne suke karɓa-karɓa, ɗaya yana tsaro ɗaya yana neman abinci. Wadda ta rage, na ɗauka uwar ce, in ta zauna yunwa, in ta fita kuma mayanka za ta, inda gubar take. Baba Sale ya ce a kawo mata mayankar gida. Daga nan kwanona ya sami aiki biyu. In biya wurin wani mahauci da na yarda da shi in cika shi da hanji da huhu, in zo in zuba a kan katangar kango, in wanke shi, a zuba mini daddawa. Kwana biyu tana kallon naman ba ta sauko ba. A na uku ta sauko, ta ci, ta koma ta amayar wa ɗan a baki. Warin da ya tashi a kangon nan da zafin bazara ba a magana, amma a gidan da ake dafa kalwa ba wanda ya lura.

An gama zaɓe na ɗauka an huta, ashe masu neman muƙami sun fi 'yan takara yawa. Wata ranar Laraba bayan azahar ina zaune a kango na ji sallama a zaure, muryar da na sani. Na zagayo na tarar da Ila da wasu mutum biyu ɗauke da tsani da igiya. Ya gaishe ni da fara'arsa. Ya ce shi dai ya lura ma'aikacin gwamnati ba ya cin daddawa haka, sai ya biyo ni. Wato ko da na rufe bakina, ƙafata ta ci gaba da watsa shiri.

Na tare ƙofa na fara lacca. Na yi bayanin yadda ungulu take share mushe, da cututtukan da take hanawa, da yadda ƙwai ɗaya take yi a shekara. Na kawo dokar da ta hana kama ta, har da sashe. Ila yana gyaɗa kai, mutanensa suna gyara wa tsani zama a kafaɗa. Sai Hajiya Dije ta fito da muciya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofar ciki. Ila ya rusuna ya ce rassan maɗacin ne ya ga sun yi wa ɗakinta nauyi, ya zo ya rage mata, kuma ba zai tafi bai yi mata alheri ba.

"Ɗan gidan wa ne kai?" in ji ta.

Ya faɗi unguwarsu da sunan mahaifinsa.

"Kai ne ɗan Ta-Annabi mai kitso? Wanda aka yi wa kaciya shekarar da soronku ya faɗi?"

Ila ya ce shi ne, murya ta yi ƙasa.

"Tare muka yi makarantar allo da uwarka. Tana nan da ciwon ƙafar?"

"Tana nan, Hajiya."

"To ka ce mata gobe ina zuwa duba ta. Zan kuma gaya mata ɗanta ya zo da ƙarti biyu da tsani zai hau katangar gidan da mata suke ciki."

Ba ta ambaci ungulu ba ko sau ɗaya. Ila ya ce ba a yi haka ba, Hajiya, kuskuren gida aka yi. Suka juya da tsaninsu, lungun ya yi musu ƙunci, sai da suka yi baya-baya kafin su fita. Washegari kuwa ta je duba uwar tasa, ta kai mata daddawa. Bai sake dawowa ba.

Daga nan aikin ya zama jira. Ɗan ya yi gashi, ya fara tsayawa a bakin sheƙa yana buɗe fikafikai yana tsalle a wuri ɗaya. A aikinmu ranar tashin farko ita ce ranar da ake so, ita ake rubutawa a ce sheƙa ta yi nasara. Na koma zuwa kullum, daga hantsi har la'asar. Ana cikin haka aka rantsar da sabuwar gwamnati, aka naɗa kwamishinoni, sai ga takarda cewa sabon kwamishinanmu yana son ganina ranar Litinin ƙarfe tara, in zo da bayani a kan tsuntsayen jiha. Na ce to, ga ranar da rahotannina suke jira. Na sa babbar riga, na ɗauki fayil. Na zauna a kan benci a ƙofar ofishinsa tare da masu zuwa murna, ƙungiya tana shiga ƙungiya tana fita. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Wajen ƙarfe biyar masinja ya leƙo ya ce mai girma ya fita ta ƙofar baya, a dawo wani lokaci.

Ban biya gida ba, na hau acaɓa da babbar rigata har Dala. Na shiga kango na ɗaga kai. Ɗan yana nan, amma ba a bakin sheƙa ba, a kan wani reshe can gefe, yana gyara gashinsa. Na dawo zaure na tarar da Hajiya Dije tana tsince kalwa a faifai.

"Ya tashi, Malam," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Daga baya na sha ganinsa yana shawagi tare da uwar, har tsakiyar damina, sannan suka daina zuwa. Maɗacin yana nan har yau, ba ungulun da ta sake kwana a kansa, ni kuma ban sake ganin sheƙar ungulu a cikin ganuwa ba. Amma a ranar ban san haka ba. Na zauna a dakalin zaure, na zaro littafi daga cikin fayil ɗin kwamishina, na ce ta gaya mini yadda aka yi.

Ta ce tun azahar yake tsalle. Uwar tana kan dabinon gidan liman ta ƙi kawo masa komai. Sai ya saki reshe, ya yi ƙasa kamar zai faɗa cikin tukunyarta, har ta ɗaga murfi za ta rufe, sannan iska ta ɗauke shi. Ya haye katanga, ya kewaya dabinon sau biyu, ya dawo ya sauka da ƙirji, saura kaɗan ya kifa. Na rubuta duka. A layin da ake sa sunan wanda ya gani, inda shekara ashirin sunana ne kaɗai, na rubuta nata. Ta ce in karanta mata abin da na sa. Na karanta, har inda na ce ya tashi bayan la'asar.

"Ba bayan la'asar ba ne," in ji ta. "Ladan yana cikin kiran salla ne. Kai ba ka nan. Gyara."

Na gyara.